Ƙofar da Ta Hana Fina Tauraro

A'a, ba duka ba ne. Ku daina cewa duka ne. Duk wanda aka ba shi labarin Delfina Arreola sai ya gyaɗa kai kamar wani masani ya ce, ai dama yarinya in ta bar ƙungiyar yara ta shiga ta manya dole ta ji a jikinta, matan can ƙarti ne, kwankwaso ɗaya za su sakar mata ta tsinci kanta a jikin bango. Har wanda bai taɓa ɗaura takalmin taya ba sai ya ba ka wannan fatawar. To ku saurara. Fina, kamar yadda ake kiranta, tun tana 'yar shekara tara ake kayar da ita a kan siminti tana miƙewa. Haƙorinta na gaba rabinsa na likita ne. Duka ba baƙonta ba ne. Abin da ya tare ta a ƙungiyar manya ko takalmin taya ba ya sawa. Wani tsoho ne a kan doguwar kujera, a bakin wata ƙofa, yana cewa a nuna masa katin shaida.

Wasan darbi ba wuyar ganewa gare shi ba. Fili ne mai zagaye, kowa a kan taya. Kowane ɓangare mata biyar: huɗu masu tare hanya, ɗaya mai tauraro a hular kwano. Mai tauraron ce za ta kutsa ta cikin abokan karawa, duk wadda ta wuce maki ne. Masu tarewa su buɗe wa tasu hanya, su toshe wa ta wasu, da kafaɗa da kwankwaso. A busa usur a yi turmi ɗaya, a ɗan numfasa, a koma. Tauraron nan Fina ta saba sawa, shi ne kuma duk abin da take nema.

Uwarta Chelo, wadda ke wankin zanuwan gado a wani otal na bakin babban titi, ita ta fara kai ta, don yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, ta gama fasa duk abin da ke fasuwa a gidan. Takalmin farko na hannu ne, ya yi mata yawa, aka cusa safa a ciki. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar Fina a gida ran Asabar ba. Duk kudancin Texas ɗin nan babu filin yara da ba ta zaga ba, Chelo na biye da ita a tsohuwar a-kori-kura da tukunyar dafaffiyar masara a baya. Yara na kiranta Tartsatsi, sunan da take shiga fili da shi ke nan, domin kana ganinta a nan, kafin ka juya ta ɓulla can.

Ranar wasanta na ƙarshe da yara, bayan ta cika sha takwas, aka yi mata abin da ake wa duk mai barin ƙungiyar. Yaran suka jeru sahu biyu, suka haɗa hannuwa sama, ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashi a kan tayarta, ƙanana na kuka suna jan rigarta. Ta fito ta ɗaya bakin tana dariya. A zatonta da ta fita daga wannan layin sai filin manya.

Manya a wani tsohon sito suke atisaye, inda a da ake loda kankana. Rufin kwano, ba na'urar sanyaya ɗaki, sai manyan fankoki biyu da ke juya zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kyaftin ɗinsu Lorna Pruitt ce, ma'aikaciyar jinya, mace mai magana a hankali wadda ba ta maimaita zance. Ta dubi Fina daga hula har taya.

“Na san ki, na ga wasanki. Amma duk sabuwa ajin koyo take farawa.”

“Shekara tara nake kan taya.”

“Ko ke kika ƙera tayar. Ajin koyo.”

Fina ta shiga ajin. Ta yi watanni tana koyon yadda ake faɗuwa, tare da matan da ke dafa bango suna salati kowa da irin nasa. Ita da ke juyawa da baya da gudu, aka sa ta tana nuna wa alƙali ta iya tsayawa. Ba ta yi ƙorafi ba. Ita ce ma ta koma tana ɗaure wa sauran igiyar takalmi, tana gaya musu su lanƙwasa gwiwa su daina kallon ƙasa. In an tashi ita ke kwasar tabarmi, ita ke jan fanka. Ta ce a ranta hanya ce, kowa ta nan ya bi.

Mutum ɗaya ce ba ta bar ta ta sha iska ba: Yolanda Barrientos, Yoli, direbar motar makaranta, mai tare hanya da faɗinta ya kai ƙofar firiji. Ita ta riƙa ɗaukar Fina zuwa firamare, ba ta kuma bari kowa ya manta ba.

“Ku bi ta a hankali, jaririyata ce. Na san ta tun tana goge majina a kujerar motata.”

Ranar farko da aka bar Fina ta yi karo da manya, ta lallaɓo ta gefe ta sa wa Yoli kafaɗa a haƙarƙari, matar ta zauna daɓas. Fina ta ja birki, ta dawo, ta miƙa hannu.

“Yi haƙuri, ranki ya daɗe.”

Har masu dafa bango sai da suka saki bango don dariya. Yoli na zaune a ƙasa tana riƙe da ciki.

“Kun ji? Ta karya ni ta kuma yi mini ladabi. Ke, a nan ba a ba da haƙuri. In kin kayar da mutum wuce ki bar shi da Allahnsa.”

Daga ranar sunanta ya koma Ranki-ya-daɗe. Ba ta ji haushi ba. Wanda aka laƙaba wa suna ai an karɓe shi ke nan, haka ta ɗauka.

Yanzu ga inda ba ku sani ba, ku masu fatawar kwankwaso. Ƙungiyar manya ba ta da mai ita. 'Yan wasa ke riƙe da abarsu, komai da ɗaga hannu ake yanke shi a taron wata-wata: wa za ta share fili, wa za ta tsaya a ƙofa, wa za ta shiga wasa, wa za ta sa tauraro. Akwai kuma doka tun ta farkon kafawa: wadda ba ta cikin ɗakin taro ba a sa sunanta. An yi ta ne saboda masu guje wa aiki, waɗanda ba a ganinsu sai ranar tafi. Doka mai kyau. Matsalar ita ce ɗakin. Taron a ɗakin baya na wata mashaya ake yinsa, wadda ake kira Kunama, don mai ita ne ke ɗinka wa ƙungiyar riguna, ya kuma ba su ɗakin kyauta. Shi kuwa ba ya barin wanda bai kai ashirin da ɗaya ba ya taka masa ƙofa, tunda kafin wannan shekarun ba a sayar wa mutum giya. Ƙungiya na karɓarki kina sha takwas. Ɗakin da ƙungiya ke yanke hukunci ba ya karɓarki sai bayan shekara uku. Ba wanda ya taɓa haɗa lissafin nan, domin yaran da suka gama da can tafiya karatu suke yi ko su jingine takalmin. Fina ce ta farko da ta zo ta tsaya.

Lahadin farko bayan ta fita daga ajin koyo, da la'asar, ta bi ayarin matan zuwa Kunama, gumi bai gama bushe mata ba. Ɗaya bayan ɗaya suka shige. Da ta zo, tsoho Cipriano mai gadin ƙofa ya miƙa tafin hannu. Ta ba shi katin. Ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, ya mayar mata.

“'Yata, da saura.”

“Baba, ba sha zan yi ba. Taro na zo. Ko ruwa ba na so.”

“Na yarda da ke. Amma in na bar ki kika wuce, gobe ni ne a wajen nan ba kujera.”

Lorna ta leƙo daga ciki, ta dafa goshi.

“Au. Wallahi shaf na manta. Je ki gida ki huta, za a gaya miki abin da aka ce.”

Ba a gaya mata ba. Wata na biyu ta sake zuwa, ko an yi wata dabara. Cipriano ya hango ta tun daga nesa ya fara girgiza kai. Ta tsaya ta karanta bayan rigar wata da ke shiga: ƙatuwar kunama da sunan mashayar. Irin rigar ce a jakarta. An yarda ta yi wa gidan talla a gadon bayanta, ba a yarda ta ga cikinsa ba.

Kuma ba ƙuri'a kaɗai ake yi a ɗakin nan ba. A kan teburin ake tsara dabarun wasa. Murafun kwalba su ne masu tare hanya, kwalbar gishiri ita ce mai tauraro. A tura wannan nan, a ja wancan can, a yi gardama, a tsayar da alama. Ran atisaye kowa ya zo da abin a kansa. Kowa ban da mutum ɗaya.

Babban wasan shekara na ƙaratowa, wanda matan garin Corpus za su zo har gida. Fina ta ƙwallafa rai a kansa. Chelo ta riga ta yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikinta. Yaran tsohuwar ƙungiyarta sun fara zana Tartsatsi a kwalaye. A atisayen ƙarshe kafin taron zaɓe, Lorna ta jefo mata hular tauraro.

“Turmi ɗaya. Mu gani.”

Aka busa usur. Fina ta taso, ta tarar da bangon mata huɗu a gabanta. Ta hango Yoli, wadda ke ɓangarenta, ta daki hularta sau biyu da tafin hannu. Fina ta ɗauka gyara hular take. Alhali a teburin Kunama an tsayar cewa wannan alamar na nufin za a share abokan karawa zuwa bakin waje, mai tauraro ta bi ta ciki. Fina ta yi abin da jikinta ya saba tun tana yarinya, ta zabura ta bakin waje, daidai inda Yoli ta taho da dukkan nauyinta tana tura mata biyu. Su huɗu suka zube. Hanyar ciki na nan a buɗe, ba kowa, har a-kori-kurar Chelo za ta wuce.

Yoli ta tashi tana murza wuyan hannu. Lorna ta zare robar haƙorinta, ta yi magana yadda kowa zai ji.

“Abin da nake gudu ke nan. Halin 'yan ƙungiyar yara, kowacce tauraruwar kanta. An ba ki alama ƙiri-ƙiri kin yi gaban kanki.”

“Wace alama?”

“Hula sau biyu, ki bi ciki.”

“Yaushe aka ce haka?”

“A taro mana.”

Fina ta cire hular tauraron, ta riƙe ta a hannu.

“A taron da ake tare ni a ƙofa?”

Lorna ta juya ta dubi sauran.

“Ba an ce wata ta gaya mata ba?”

Wannan ta dubi waccan, waccan ta sunkuya tana gyara kariyar gwiwar da ba abin da ya same ta. Yoli ta kau da kai. Lorna ta ce za a duba maganar, ta busa usur, ta karɓi hular ta miƙa wa wata.

A mota, da suka wuce gadar jirgin ƙasa, Fina ta juyo wajen uwarta.

“Mama, in ba su sa ni a wasan nan ba na bari. Na gaji. Na koyi faɗuwa, na ja fanka, na goge musu fili. Me kuma suke so, in tsufa a dare ɗaya?”

Chelo ba ta ɗauke ido daga titi ba.

“Doka ta ce sai kina ina?”

“Cikin ɗakin.”

“Ɗakin ba shi da ƙofar baya?”

“Akwai, ta wajen ajiye motoci. Ita ma ba za a bar ni in shiga ba.”

“Wa ya ce ki shiga? Kujerun nan masu naɗewa suna baya, ƙarƙashin tukunya. Ɗauki ɗaya.”

Ran taron zaɓe rana ta yi kamar za ta narka kwalta. Fina ta kafa kujerarta a bayan Kunama, tsakanin kwandon shara da tarin akwatunan kwalabe, sanye da rigar ƙungiya da hular kwano. Tana jin muryoyi ta cikin ƙofar ƙarfe, ba ta jin me ake cewa. Tana nan gumi na bin bayanta har Yoli ta turo ƙofar za ta sha taba. Ta tsaya da ashana a hannu.

“Ranki-ya-daɗe? Gasa kanki kike yi a sayar?”

“Taro na zo.”

“A bola?”

“Nan aka bar mini.”

Yoli ta jefar da ashanar. Ta mayar da tabar cikin kwali, ta jawo akwatin kwalabe da ƙafa ta tokare ƙofar a buɗe.

“Taso. Tsaya nan. Kar yatsanki ɗaya ya haye dokin ƙofar nan, kin ji ko? Ke da kika iya bin layi.”

Fina ta tsaya, kan takalmanta daf da bakin siminti. Karon farko ke nan da ta ga ɗakin: dogon tebur, kwanon soyayyen dankali, murafun kwalba a jere, kwalbar gishiri a tsakiya. Mata wajen ashirin suka juyo.

“Ga Delfina ta halarci taro,” in ji Yoli. “Na kuma sa sunanta a tauraro.”

Cipriano ya zagayo da sauri yana jan ƙafa, ya sunkuya ya duba ƙafafun Fina, ya miƙe.

“A waje take. Ni ba ruwana.” Ya koma, can ya dawo ya ajiye mata kofin ruwa da ƙanƙara a kan akwatin.

Lorna ta haɗa yatsu a kan tebur.

“Yoli, dokar cewa ta yi cikin ɗaki.”

“Tana ganinmu, muna ganinta. Har warin guminta ina ji. Me ya rage?”

Wata daga ƙarshen tebur ta ce bara an cire ta daga wasa don ta makara a wajen aiki, ba wanda ya tokare mata ƙofa. Wata ta ce in dai gyara ne a mayar da taron sito. Nan take aka taso mata: sito da wannan zafin? Mai Kunama kuma fa, in ya ga an daina cika masa ɗaki ran Lahadi, wa zai ɗinka riguna? Aka shiga maganar riguna, aka shiga maganar wa ya ɓatar da makullin sito a bara. Fina na tsaye, hannunta a sama tun ɗazu, kamar a aji.

“Ina da magana.”

“Faɗi,” in ji Lorna.

“Ba alfarma nake nema ba. Duk aikin da aka ce a yi na yi. Ban taɓa fashin atisaye ba. Taron nan sau biyu ina zuwa ana mayar da ni. In na yi kuskure a fili, a teburin nan aka ɓoye mini amsar. Ku gwada ni da abin da kowa ya sani, in na faɗi na faɗi.”

Wasu suka gyaɗa kai. Har ta fara jin sanyi a ranta. Sai wata dattijuwa cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, da murmushinta na tsakani da Allah, ta ce:

“Haba 'yar nan, kwantar da hankalinki. Shekara uku ai kamar gobe ne.”

Wannan maganar ta fi kowane kwankwaso zafi. Shekara uku a wajen mai arba'in da biyar kamar gobe ne. A wajen mai sha takwas, wadda gwiwoyinta ke kan ganiyarsu yau, ita ce duk rayuwar wasanta.

Aka ɗaga hannu kan ko tsayuwar bakin ƙofa halarta ce. Fina ta ga hannun Yoli, ta ga na matan da ta ɗaure wa takalmi a ajin koyo. Ba su kai ba. Kaɗan ya rage, amma ba su kai ba. Nata hannun, da ke sama har lokacin, ba a ƙirga shi ba. Lorna ta ce za a kafa kwamiti ya duba wurin taro bayan kakar wasa. Daga ciki mai mashayar ya ɗaga murya wai wa ya bar ƙofa a buɗe sanyi na fita. Wata ta taso, ta ce “yi haƙuri” ba tare da ta dubi idonta ba, ta janye akwatin.

Fina ba ta tafi ba. Ita kanta ba ta san dalili ba, ƙafafunta ne suka ƙi. Da aka tashi, Yoli ta fito ita kaɗai, aljihunta na ƙara. Ta zazzage murafun kwalba a kan murfin injin a-kori-kura, ta zaro kwalbar gishirin da ta sato.

“Zo nan, jaririya. Wannan ke ce. Wash, ƙarfen nan zai soya ƙwai.” Ta yarfe yatsu. “Hula sau biyu, ciki. Dafa kwankwaso, waje. In na yi ihu kamar an taka ni, to an taka ni ne, ki yi ta kanki.”

Fina ta so ta yi dariya, ta kasa.

“Me zai amfane ni? Ba a sa ni ba.”

“Ni ce aka ce in gaya miki tun farko. Na ce gobe, na ce jibi.” Yoli ta tura murfi ɗaya da farce. “Kalli nan, kar ki kalle ni.”

Suka tsaya a ranar har ta nuna mata dabarun duka.

Ranar wasa Fina ta riga kowa zuwa. Ita ta shimfiɗa igiyar iyakar fili, ta bi ta da salatif a durƙushe. Aikin da aka ba ta shi ne tsaron kujerar horo, inda mai laifi ke zama har a sallame ta. Sito ya cika, Chelo na bakin ƙofa da tukunyar masara, a ranar da ta yi musaya don ta ga 'yarta da tauraro. Yaran suka shigo da kwalayensu, suka nemi Tartsatsi a cikin masu ɗumama jiki, suka hango ta zaune da agogo a hannu ba takalmi. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke kwalayen suka zauna a kai.

Ba cewa ake da an sa Fina da an ci ba. Matan Corpus sun iya wasa. Amma ana cikin rabi na biyu masu tauraron gida suka fara haki, ƙafa ta yi nauyi. Fina na kallo aka daki hula sau biyu, hanyar ciki ta buɗe, mai tauraron ta iso bayan an rufe. Jikin Fina har ya karkata a kan kujera. Can alƙali ya kora Yoli kujerar horo. Ta zo ta zube tana numfashi kamar tsohuwar motarta.

“Kin ga ramin nan?”

“Na gani.”

“Da kin wuce?”

“Da na wuce na dawo na sake wucewa.” Fina ta dubi agogo. “Tashi, ranki ya daɗe, lokacinki ya yi.”

An cinye su. Aka tafa, aka rungumi juna, mai sanarwa ya ce kowa da kowa a haɗu a Kunama a yi shagali. Kowa da kowa. Fina ta durƙusa ta fara ɓare salatif ɗin da ta manna da safe. Tana cikin naɗe igiya wata doguwar yarinya daga ƙungiyar yara, Itzel, wadda za ta cika sha takwas a bazara mai zuwa, ta tsaya a kanta.

“Fina, wai da gaske ne? Ni ma in na zo a waje zan zauna?”

Fina ta ɗago. Ta riga ta shirya abin da za ta gaya wa Lorna, ta ma maimaita shi a ranta tun rabin wasa: ga rigarku, na gode. Ta dubi Itzel, ta dubi sauran manyan yaran da suka taru a bayanta suna jiran amsa.

“Kuna da kujeru masu naɗewa a gida?”

A mota Chelo ta tambaye ta ko a sauke takalmin a sa a ɗaki, tunda ta ce ta bari.

“Bar shi a nan.”

“Kin fasa ke nan?”

“Ban fasa jin haushi ba.”

Inda maganar take ke nan. Ba a ba ta tauraro ba, kwamitin bai zauna ba, dokar na nan yadda take. Fina na zuwa atisaye, ta haddace alamun da aka nuna mata a kan murfin inji, ta kuma san duk wata za a ƙirƙiro sababbi a teburin da ba ta gani. Taro na gaba Lahadin farkon wata ne. Ta ce za ta kafa kujerarta a inda ta kafa, wannan karon ba ita kaɗai ba.

Saura ku. Ku da kuka ɗaga mata hannu a ɗakin nan kuka fito kuka yi shiru, shirun me kuke yi? Ku da kuka ƙi ɗagawa, ku zo nan ƙasan rubutun nan ku faɗi dalilinku da sunanku, ba a bayan ƙofar ƙarfe ba. Iyayen da ke jigilar yara filin nan duk Asabar, ku tambaya tun yanzu ina za a ajiye 'ya'yanku in sun cika sha takwas. Ku 'yan wasu garuruwa, a ina kuke naku taron, wa kuma kuke bari a waje ba ku lura ba? Kar wanda ya latsa alamar zuciya ya wuce, ba ta buɗe ƙofa. Ku yi magana a ji ku. In kuma bakin ya yi nauyi, kun san bayan Kunama. Ku taho da kujera, da ruwan sha, rana ce sosai a wajen.